Nauyin batiri a hannun mai kwalli

Abin da zan faɗa ya faru damana biyu bayan rasuwar maigidana, shekarar da gulbi ya cika ya shiga garaken Jiratawa ya kwashe albasar mutane. Shekarar ce kuma gawon ƙofar gidanmu ya faɗi ya danne katangar maƙwabta, anka yi wata guda ba a gaisawa. Masu boko suna da lambar da suke kiran shekarar da ita. Su riƙe lambarsu. Ni da abin da idona ya gani nake ƙirga.

Shekara arba'in na yi ina saida kwalli a kasuwar Maraɗi. Ban taka lakkol ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba, amma ba a taɓa saida mani kwallin banza ba. Kwalli na gaskiya dutse ne, ɗan'uwan dalma. Ka ɗauki ɗan ƙarami ka ji ya ja hannunka ƙasa. Na ƙarya kuwa, wanda anka cuɗa da gawayi, ya fi shi baƙi, ya fi shi kyau a ido, amma a tafin hannu sai ka ce ƙaiƙayi. Hannu ba ya karatu, shi ya sa ba a iya yi mashi ƙarya.

Ina da ɗan fari namiji. Sunanshi bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ba yau zai fita ba. Mu haka anka rene mu: ɗan fari na kunya ne, ba ki kallon idonshi, ba ki kiranshi, ba ki yi mashi magana baki da baki. Tun da anka yaye shi kakarshi ta ɗauke shi zuwa Tibiri, can ya girma. Da ya dawo Maraɗi da gemu da mata, ya kama sashe guda cikin gidanmu, in ina son ya ji wata magana sai in faɗa ma matarshi, ko in faɗa ma akuya da ƙarfi. "Wancan" nake ce mashi. Matan yanzu sai ka ga mace ta rungume ɗan farinta gaban jama'a tana rangaɗa sunanshi awa mai tallar ƙosai. To, su ta shafa.

Wancan da moto yake ci, abin da mutanen ƙetaren iyaka ke ce ma babur. Da sassafe ya tafi Jiratawa ya ɗauko buhunan zogale ya kai ma matan kasuwa tun ganyen na da raɓa. In rana ta ɗaga ya koma kabu-kabu, yana ɗaukar mutane daga unguwa zuwa unguwa. Wata rana kan hanyar Tibiri jaki ya firgita ya juyo da amalanke a gabanshi. Ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa. Maɗori ya ɗaure, ƙashi ya kama, amma gwiwar ta ƙi komawa yadda take. Yana tafiya, yana taka birki. Abin da ba ya iyawa shi ne ya miƙe ya shuri kik ya tada inji. In ya gwada sai zufa ta keto mashi, ya nemi wurin zama.

Moto kuwa hanya biyu ake tada shi. Ko ka shure shi da ƙafa, ko ka danna wani ɗan maɓalli da babban yatsa, batiri ya yi maka shurin. Sauran 'yan kabu-kabu ba ruwansu da batiri, nasu ya mutu tun tuni, ƙafa gare su. Shi ma nashi ya daɗe da mutuwa bai kula ba. Yanzu kuwa batiri ya zama ƙafarshi ta dama.

Sai ya kasance in ya ɗauki fasinja ya ce, "Malam, don Allah ɗan shura mani." In mace ce sai ya tsaya yana raba ido har Allah ya kawo wani namiji. A tasharsu da sun hango shi sai su haɗa baki, "Shura mani! Shura mani!" Matarshi ce ta kawo mani labarin tana dariya, don ita ma hankalinta bai wuce na kaza ba. Na ci gaba da tankaɗe.

Ga kuma surukina, mijin ɗiyata ta uku. Ma'aikacin biro ne, wato ofis, gidanshi na unguwar Zariya nan cikin Maraɗi, da ƙyauren ƙarfe mai fenti. Mushe ake ce mashi, yadda ake kiran malaman lakkol, ko da yake bai taɓa koya ma kowa komi ba. Mutum ne wanda in ka miƙa mashi gwangwanin tumatir sai ya karanta maka shi kafin a buɗe. Shi ma tsakanina da shi kunya ce, gaisuwa daga bayan labule, shi ke nan. Wannan kunyar kam ta yi mani rana, ta hutar da ni hira da shi.

Shi ya ce zai kawo batiri, wai taimako. Ya zo gab da la'asar da kwali mai ja da ruwan zinariya, da hoton zaki ya hangame baki. Anka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna ya gyara tabarau. Wancan na gefe ya miƙe ƙafa, ɗiyata na kawo masu ruwa. Ina ɗaki ina ji.

"Yaya, ka ga nan? Orijinal. Ka ga nan kuma? Garanti. Wanga ba irin na bakin hanya ba ne."

"Allah shi saka da alheri," in ji wancan.

Da sunka tashi salla sunka fidda shi daga kwali sunka bar shi kan tabarma. Na fito in naɗe ta saboda kaji, na sa hannu na ɗaga batirin. Hannuna ya tafi sama fiye da inda na aike shi. Na san cikin batiri dalma ce, don na sha ganin maƙeran bayan kasuwa suna fasa tsofaffi suna narka ta. Abu mai wannan girma, in da dalma cikinshi, sai ka ji shi har gwiwar hannu. Wanga kuwa awa ƙullin gari.

Sunka dawo. Mutum biyu maganar ta shafa a tsakar gidan, kuma duk biyun ba ni da bakin yi masu ita. Sai na juya wurin akuyata da ke ɗaure ga turke.

"Ke baƙa," na ce, "kin ga kabewar da anka kawo yau? Fata lumui, ciki iska. Wanda ya saye ta da ido ya saye, bai ɗaga ba."

Ɗiyata ta gane. Ta matso ta rage murya. "Inna, don Allah. An rubuta a jiki fa."

"Wa ya rubuta?"

"Kamfani mana."

"Kamfanin ya zo ya yi maki rantsuwa? Ni ma in na samu mai alƙalami sai in sa a rubuta hajiya a goshin akuyar nan, mu gani ko ta taɓa shiga jirgi."

Surukin ya yi ɗan tari, ya dubi matarshi. "Ki faɗa ma Inna fasahar zamani ce. Yanzu komi sauƙaƙa shi ake yi. Dubi salula, da can awa bulo take."

Wancan ya sake yin godiya. Kyauta ce, ba a auna kyauta gaban mai ita.

Anka kai ma makanikenshi na Sabon Gari ya ɗaura. Wannan makaniken na san uwarshi, fura take saidawa, kuma furarta ma rabi ruwa ce. Kowace cuta moto ya zo da ita maganinshi guda ne: ya kwance buji, ɗan abin nan mai ba inji wuta, ya hura, ya goga ga wando, ya maida, ya ce ya yi.

Batirin zaki ya ga Juma'a guda. Kafin ta biyu ta zagayo ya mutu a Jiratawa, can cikin garake, da buhu huɗu na zogale ɗaure a baya. Mutane duk sun nutsa cikin ban ruwa, ba kowa kan hanya. Wancan ya gwada shuri da ƙafar, ya faɗi, moto ya bi shi. Sai da rana ta take wani mai amalanke ya tsince su ya kawo su gari, shi da moton a kwance bisa kaya awa ragunan salla. Zogalen ya dahu cikin buhu, ya yi baƙi. Matan kasuwa sunka aiko cewa in bai gyara ba, masu kawo ganye ba su ƙare ba.

Makanike ya hura buji. Ya ce sharji ne babu, anka kai sharji, ya yi yini guda ya sake mutuwa. Ya ce to waya ce, ya yanyanke wayoyi ya naɗe da leda. Ya ce to moton ne ya tsufa. Komi ya zarga ban da batirin, don shi ma ya ga zaki, ya ga an rubuta.

Ran Laraba surukin ya dawo. Wannan karon ba kwali, shawara ya kawo.

"Yaya, mu faɗi gaskiya. Matsalar ba ta batiri ba ce, ta ƙafa ce. Sabo orijinal ya kasa, me ya rage? Ka saida moton nan tun yana da daraja. Ni ina neman gardi, mai gadi a ƙofar gidana. Kujera ce kawai, in na yi oda ka buɗe ƙyaure, in na shiga ka rufe. Ba wahala. Na ma yi magana da mai saye, jibi bayan an sauko Juma'a zai zo."

Ɗan farin gidan nan ke nan, a ce ya zauna ƙofar mijin ƙanwarshi yana sauraren odar mota, ya tashi yana ɗingishi ya buɗe ma ƙanwar ƙyaure tana hakimce a gidan gaba. Na kasa kunne in ji ya ce a'a. Abin da na ji shi ne, "To. Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri."

Ranar ban yi ma akuya magana ba. Ba ta da abin da za ta yi mani.

Alhamis da hantsi wancan ya tafi wurin maɗori a duba gwiwa. Batirin na yashe gindin katanga tun da anka dawo da shi daga sharjin ƙarshe. Na sa shi cikin ƙwarya, na rufe da faifai, na aza a ka na fita. Duk wanda ya gan ni ya ɗauka fura zan kai.

Wurin maƙera na fara. Akwai wani tsoho a cikinsu, tsarana, tun ina budurwar kasuwa muke zagin juna.

"Mai kwalli! Ashe ba ki mutu ba?"

"Ina jiran in ci gumbar taka tukuna. Fasa mani wanga."

Ya ɗauka, ya jinjina, ya dube ni, ya yi dariya tun bai ɗauko guduma ba. Bugu biyu ya rabe. Cikinshi 'yan farantan dalma ne sirara awa bawon albasa, ba su kai rabin ciki ba. Sauran wurin an toshe da guntayen roba don kada su yi ƙara.

"Wa ya sayi wanga?" in ji shi.

"Wani ne mai ilimi."

"Ya yi kama."

Na kwashe gutsattsarin cikin ƙwarya na nufi Sabon Gari, layin masu kayan moto. Na zaɓi shagon da ya fi kowane cika. Mai shi wani ƙato ne da carbi a wuyan hannu, ga wani dattijo zaune kan benci yana shan inuwa.

"Iya, kin ɓata hanya," in ji mai shago. "Masu daddawa na can gaba."

"Na san hanyar garin nan tun uwarka na zuwa wurina sayen kwallin da ta kama ubanka da shi. Fito mani da batiri."

Dattijon ya ƙyalƙyale. Mai shago ya gyara tsayuwa. "Na wane irin moto?"

Ban san sunayen moto ba, kuma ba na bukata. Na ɗaga faifai na nuna mashi ƙoƙon fasasshen. "Mai wannan girma, kunnuwanshi biyu ta wannan gefe."

"Na wa ne? Ya zo da kanshi mana."

"Na wani ne."

"Wani wa? Ɗanki?"

"Na ce maka wani. Ku a gidanku ba a koyar da kunya?"

"Bar ta," in ji dattijon. "Ɗan fari ne. Ba za ka ji daga bakinta ba ko za ku kwana nan."

Mai shago ya miƙa hannu ya sauko da kwali mai ja da ruwan zinariya. Zakin nan dai, da bakinshi a buɗe. "Ga orijinal, Iya. Shi kowa ke saye."

Na juye ƙwaryar a kan teburinshi. "Ga ɗan'uwanshi, su gaisa."

Masu shagunan kusa sunka fara leƙowa. Shi kuwa ya shiga rantsuwa, wai shi ma haka ake kawo mashi, a rufe, bai taɓa ganin ciki ba. Wataƙila gaskiya ya faɗi. Mutum ya yi shekaru yana saida abu bai taɓa tambayar me ke cikinshi ba, wannan ai ba mai kasuwa ba ne, mai gadin kwalaye ne.

"Fidda su duka daga kwali," na ce. "Tsirara nake son su."

Ya jera mani huɗu. Na rufe ido don kada fenti ya yi mani surutu. Na farko iska. Na biyu ƙanenshi. Na uku ya ɗan ja hannuna, har na tsaya, sai na karkata shi na ji nauyin ya taru a gindi, sama ba komi. An zuba mashi wani abu a ƙasa ke nan, yashi ko siminti, don irinmu masu ɗagawa. Ashe ɓarayin ma sun san da mu. Na huɗu ban ɓata lokaci a kanshi ba.

"Su ke nan?"

Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani, ya hure ƙura, ya ɗora mani a tafi. Wuyan hannuna ya lanƙwasa. Na karkata shi dama, na karkata hagu, nauyin na nan ko'ina daidai, daga gindi har wuya. Na buɗe ido. Baƙi ne, mummuna, ba zaki ba damisa.

"Wanga."

"Iya, wanga ba a sayenshi. Mutane sun ce ba shi da kyan gani, ga tsada, kuma sai an zuba mashi ruwanshi an jira."

"Aure zan yi mashi da zan nemi kyan gani? Zuba. Zama gare ni."

Ya zuba mashi ruwan nan mai cin tufa da suke ce ma lasid, ya ce in ɗauka. Dattijon ya ce a'a, shi tsohon direba ne, sai an bari ya sha ya daina tafasa, sannan a ɗora shi kan sharji, in ba haka ba an kashe shi tun yana jariri. Mai shago ya harare shi, amma ya yi. Na zauna kan bencin har anka kira azahar anka idar. Abin da na ba mai shago ba na faɗi, ba labarin kuɗi nake bayarwa ba.

Na tattara gutsattsarin na ƙulle a bakin zane, na sa sabon cikin ƙwarya. Da na aza ta a ka, wuyana ya san ya ɗauki kaya. Tun daga Sabon Gari har gida ban sauke ba.

Ina karyo kwanar layinmu na ga wancan yana turo moton daga zaure, yana ɗingishi. Daga baya na ji cewa mai sayen ne ya aiko, wai tafiya ta kama shi gobe, a kai mashi yau. Matarshi ta tafi suna. Akuya na can ciki. Na duba dama, na duba hagu, layin fayau, rana ta kore kowa. Ba mace, ba namiji, ko kazar da zan jingina magana gare ta. Ya gan ni ya sunkuyar da kai ya raɓe don in wuce, yadda ya saba. In na wuce, shi ma zai wuce, ya sha kwana, kuma kujerar Zariya na jiranshi.

Shekara hamsin da ɗoriya ina riƙe da bakina a kanshi. Ko ranar da anka kawo shi da karyayyar ƙafa, bango na tambaya yaya jiki.

"Kai," na ce. "Maida shi ciki."

Ya tsaya awa wanda anka jefa da dutse. Bai ɗago ba. Na ga hannunshi ya ƙanƙame kan moton.

"To," ya ce.

Ya ja shi da baya har cikin zaure. Na sauke ƙwaryar gabanshi na ɗaga faifai.

"Ɗaga."

Ya sa hannu ɗaya, sai ya ƙara na biyu.

"Ka ji?"

"Na ji, Inna."

"Ka ɗaura da hannunka. Kada ka kai ma mai hura buji."

Na shige ɗaki na saki labule. Na zauna bakin gado na kasa kunne. Ina jin ƙarar sukurdireba, ina jin yana numfashi da ƙarfi in ya durƙusa kan gwiwar. Ya daɗe. Sai shiru. Sannan inji ya ɗauka, bugu guda, har kwanon rufin zaure na amsawa. Ya kashe. Ya sake dannawa, ya ɗauka. Ya kashe, ya danna. Haka ya yi ta yi shi kaɗai cikin zaure har matarshi ta dawo daga suna ta tarar da gida cike da hayaƙi, ta ce ko ya taɓu ne.

Juma'a da sassafe ya tafi Jiratawa, kafin rana ta yi zafi zogale na kasuwa. Mai saye ya yi tafiyarshi hannu wofi. Da ɗiyata ta zo jin dalili, na ɗaure mata gutsattsarin batirin zaki cikin tsumma, na ce ta kai ma maigidanta ya karanta ciki, tunda waje ya riga ya karanta. Ta ce ya ce sa'a ce kawai na yi. Bari ya ce. Sa'ar ta yi damana uku tana tada moto, kuma da ta ƙare wancan da kanshi ya je ya zaɓo wani, na ji an ce sai da ya sa anka fidda su duka daga kwali. Ban sake yi mashi magana baki da baki ba. Sau ɗaya ya isa, kuma shi ma bai nemi ƙari ba.

Cikin mutanen wancan lokaci, tsohon maƙerin ya riga ni, na kuwa ci gumbarshi. Dattijon direba ma an ce ya rasu, Allah shi jiƙanshi, shi kaɗai na samu mai kai a layin nan. Mai shago ya tashi ya koma saida salula. Makanike na nan da rai, ya ƙara rumfa. Surukina ya yi ritaya, yana Zariya, shi ke buɗe ma kanshi ƙyaure. Ɗiyata na nan, matar wancan na nan. Wancan ma na nan, gemu ya yi fari, har gobe shi ke kawo ma matan kasuwa ganye. Sai ni, da ƙwaryar, ta tsage an ɗinke.